Bakandamiyar Narambaɗa: Me Ya Ɗaukaka Ta?

Wanda ya tashi daga Ƙaura Namoda ya bi hanyar da ta ratsa Moriki ta nufi Shinkafi, sa'an nan ya zarce Isa, ya keta wata ƙasa wadda ba ta da manyan birane irin su Kano ko Zariya, amma tana da abin da ya hana sunanta ɓacewa a bakin masu nazarin adabin Hausa, watau makaɗa. A zamanin En'e kowane babban gari na wannan yanki yana da fadarsa da sarautarsa mai tarihi: Sarkin Kiyawa a Ƙaura, Sarkin Burmi a Moriki, Sarkin Zamfara a Zurmi, Sarkin Gobir a Isa. Kowace fada kuwa tana bukatar mai yi mata kiɗa ranar salla da ranar naɗi da ranar da babban baƙo ya sauka. Inda fadoji suka kusanci juna haka, gasa takan yi zafi, makaɗin da bai ƙware ba kuwa ba a daɗe ana saurarensa. Daga ƙasar Zurmi Kassu ya fito, makaɗin 'yan tauri da sauran mazaje masu ƙarfin hali. Can wajen Maradun da Faru da Rawayya aka sami su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Salihu Jankiɗi. A Tubali kuma, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Shinkafi ta Jihar Zamfara, aka haifi Ibrahim Narambaɗa wajen ƙarshen ƙarni na 19.

Wannan lacca a kan waƙarsa guda ɗaya za ta tsaya, wadda aka sani da suna Bakandamiya. Babu mai musun cewa babbar waƙa ce. Sunanta ma ya zama ma'auni, har akan ce da duk aikin da ya fi sauran ayyukan mutum bakandamiyarsa, ko littafi ne ko gini. Akwai masu danganta kalmar da kandami, watau babban tafki mai zurfi. To, amma in aka tsare ɗalibi aka ce ya faɗi abin da ya sa waƙar ta kai wannan matsayi, galibi amsarsa ba ta wuce, "Ai Narambaɗa ne." Wannan kuwa ba amsa ba ce. Kuma rashin amsar yana da hatsari, domin abin da ba a iya faɗin dalilin darajarsa ba, da wuya a iya kare shi ranar da wani ma'aikaci ya ga tsohon tef yana cin wuri a ɗakin ajiya ya ce a fitar da shi.

Tarihin mutumin a gajarce shi ne: ta wajen uba asalinsa na ƙasar Filinge ne, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, kiɗan kotso kuwa ta wajen dangin uwa ya same shi. Da waƙoƙin noma ya fara, daga baya ya koma kiɗan sarauta, ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya yi wa mafi yawan manyan waƙoƙinsa. Ya rasu a farkon shekarun 1960. Ya kamata a riƙe wannan lokaci a zuci, domin zai yi amfani in an zo maganar faifai.

Kafin a shiga waƙar kanta, akwai amfani a leƙa wata nahiya, ko da yake a ido babu abin da ya haɗa ta da Tubali. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifai mai dogon zango, wanda kowane gefensa ke ɗaukar kimanin minti 20, alhali faifan garmaho na da minti 3 zuwa 5 kawai yake ɗauka. Da fili ya samu, sai wasu makaɗan jita na Ingila suka ga ba dole ba ne waƙa ta tsaya a minti 3 da amshi ɗaya. Suka shiga tsara dogayen waƙoƙi masu sassa da yawa. Ƙungiyar King Crimson ta fitar da faifanta na farko a 1969, sunansa ma, In the Court of the Crimson King, maganar fadar wani sarki yake yi. A 1970 kuma Black Sabbath ta birnin Bamingam ta fito da kiɗa mai nauyi da ƙara, wanda aka laƙaba wa sunan ƙarfe. Daga baya aka aurar da waɗannan hanyoyi biyu, aka sami reshen da Turawa ke kira progressive metal. Faifan da masu son wannan reshe suka fi ambata shi ne Images and Words na ƙungiyar Dream Theater, wadda waɗanda suka kafa ta suka haɗu a makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston a 1985. Faifan ya fito a 1992, da waƙoƙi 8, wata ta kusa minti 10, wata ta wuce minti 11.

Abin lura a nan shi ne irin yabon da masoyansa ke yi masa da irin sukar da masu ƙinsa ke yi. Masoya suna cewa waƙoƙin suna da tsawo amma ba sa gundura, saboda ma'aunin kiɗan yana sauyawa ba tare da zaren ya tsinke ba. Suna cewa makaɗan biyar suna shiga wuri mai wuya tare su fita tare kamar mutum ɗaya. Suna kuma cewa wanda ya saurara sau goma zai ji abin da bai ji ba a sau na farko. Masu ƙi suna cewa duk nuna gwaninta ne da fankama. Wanda ya taɓa zama cikin dattawan Shinkafi ko Moriki ana musu a kan makaɗa zai gane waɗannan maganganu sarai, har da sukar. Bambancin da ke akwai, kuma babba ne, shi ne cewa waɗancan sun yi karatun kiɗa a takarda, sun shiga ɗakin ɗaukar murya inda in an yi kuskure za a sake, a yanke, a haɗa. Narambaɗa da mutanensa ba su da takarda, kuma abin da ya fita daga baki a gaban sarki ya fita ke nan.

To, da me suka yi aikin? Kotso ganga ce mai siririn tsakiya, an rufe bakinta ɗaya da fata, ɗayan a buɗe. Da hannu ake kaɗa ta, ba da makaɗi ba. Ana liƙa nakiya a kan fatar don ta daidaita amon, ana kuma matsa tsarkiyarta a sassauta don muryar ta hau ko ta sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, gangar da ke iya hawa da sauka tana iya bin maganar mutum, har mai kunne ya ji abin da take faɗa. David Ames da Anthony King sun bayyana waɗannan kayan kiɗa dalla-dalla a littafinsu na 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa. Amma abin da littafi ba zai ba mutum ba shi ne yadda kotso ke tafiya a Bakandamiya: ba ya gaggawa, ba ya neman a yi rawa. Tafiya ce ta ƙasaita, irin ta dokin da ya san wanda ke bisansa. A kan wannan shimfiɗa aka ɗora komai.

Darajar waƙar ta farko tana cikin gininta. Masu nazarin waƙar baka, musamman Sa'idu Muhammad Gusau, sun tabbatar da kalmomin da makaɗa da kansu ke amfani da su: waƙa tana da gindi, tana da ɗiya. Gindi shi ne abin da ake komowa gare shi, ba ya sauyawa. Ɗiya su ne sassan da ke tsakanin komowa da komowa. A rubutacciyar waƙa, ƙwar biyu ce ko ƙwar biyar, kowane baiti tsawonsa ɗaya da ɗan'uwansa, kuma amsa-amo yana gaya wa kunne cewa an kai ƙarshe. A waƙar fada ba haka abin yake ba. Wani ɗa gajere ne, da an taɓa shi sai a koma gindi. Wani kuwa sai ya yi ta miƙewa, jagora ya kawo magana, ya ɗora wata a kanta, ya karkata ya soki wani, ya dawo, mai sauraro yana tsammanin gindi amma ba a ba shi ba. Wannan jinkiri shi ne makamin Narambaɗa. Ya san daidai inda haƙurin mai sauraro zai kai, sai ya wuce wurin da taki ɗaya, sa'an nan ya saki gindin. Daɗin da ake ji a wannan lokaci ba daga kalmomin gindin kaɗai yake fitowa ba, domin an riga an ji su sau da yawa. Daga jiran da aka yi yake fitowa. Makaɗi marar azanci yakan koma gindi ne don ya rasa abin faɗa, kuma kunne yana gane bambancin nan da nan.

Sai maganar 'yan amshi, wadda ɗalibai suka fi yin sakaci da ita saboda takarda ba ta nuna ta sosai. A wurin makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara, aikin 'yan amshi bai tsaya ga maimaita gindi ba. Jagora yakan fara magana ya sake ta a tsakiya, su cafe su ƙarasa. Wani lokaci su raka shi a kan abin da yake faɗa, wani lokaci su ƙara abin da bai faɗa ba. Saɗara ɗaya takan rabu tsakanin baki ɗaya da bakuna da yawa, ba tare da an ji gurbin ɗinkin ba. Irin wannan ba ya yiwuwa sai an zauna a gida an tsara waƙar, an yi ta bita har kowa ya san inda zai shiga, yana kuma kaɗa kotsonsa a lokaci guda. Saboda haka kuskure ne a ɗauka cewa duk mawaƙin baka nan take yake ƙirƙira. Akwai masu yin haka, kuma Mamman Shata shi ne babbansu. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nazarinsa a kundin digirinsa na Jami'ar Indiyana a 1975. Shata ma yana da tasa Bakandamiyar, ita ma ta kirarin kai, amma gininta dabam: kalangu yana gudu, 'yan amshi suna riƙe da amshi guda, shi kaɗai yake ɗauke da nauyin magana. Gwanintar Shata ta mutum ɗaya ce mai saurin tunani. Ta Narambaɗa ta shugaban ƙungiya ce wanda ya hore mutanensa har suka zama gaɓoɓin jikinsa. Gardamar wanda ya fi ba ta ƙarewa a tashar mota, kuma ba lallai ne a kawo ta jami'a ba.

A wajen harshe, abu na farko da za a lura da shi yana cikin gindin waƙar. Ba a kama sunan sarki kai tsaye ba. An siffanta shi da giwa, wannan kuwa tsohuwar al'ada ce da kowane makaɗin fada ya gada. Amma an kuma kira shi ta hanyar mutanensa, irin su Shamakinsa. Wannan salo na kiran babba da sunan na ƙasa da shi yana da ma'anar da ta wuce ado. A fada ba a kiran sarki da sunan yanka gatsau, saboda kunya da girmamawa. Kuma in aka ce sarki na wane ne, ko uban wane, an ɗaukaka bawan, an kuma tuna wa sarkin cewa girmansa a kan kafaɗun mutane yake zaune. Kalma biyu ko uku sun ɗauki tsarin fada gaba ɗaya. Daga nan sai zambo da habaici, waɗanda ba a raba waƙar sarauta da su, domin yabon sarki bai cika ba sai an ƙasƙantar da masu ja da shi, yabon makaɗi kuma bai cika ba sai an taka abokan gasarsa. Zambo yakan zana mutum da muninsa har a gane shi ko ba a faɗi suna ba. Habaici kuwa jifa ne a kasuwa, wanda ya tsargu shi ya sani.

Amma abin da ya raba Bakandamiya da sauran waƙoƙinsa, har da Dokin Iska Ɗanhilinge wadda wasu suka fi so, shi ne cewa a cikinta makaɗin ya juyo ya dubi sana'arsa. Gindin na sarki ne, amma ɗiyan da aka fi tunawa na Narambaɗa ne: yadda azanci ke zo masa, yadda ya mallaki kiɗa, yadda sauran makaɗa ba su kamo ƙafarsa ba. A nan ne ya kwatanta waƙarsa da ta Alfazazi. Wannan wuri ya cancanci a tsaya a kansa.

Alfazazi malami ne mawaƙi na ƙasar Andalus, ya rasu a 1230. Shi ne mai Ishiriniya, waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, musamman a watan Mauludi. A idon Bahaushen wancan zamani babu wata waƙa da ta kai ta daraja. Makaɗi kuwa, a tsarin zaman jama'a na lokacin, yana can ƙasa. M. G. Smith ya bayyana wannan a maƙalarsa ta 1957 kan roƙo a ƙasar Hausa: ana jin tsoron bakin maroƙi, ana ba shi riga da doki, amma ba a ɗaukarsa tsaran malami ko attajiri. To, ga mai kotso daga ƙauye, wanda ya fara da waƙar manoma, ya tsaya a gaban jinin Shehu Usmanu ya ajiye aikinsa kusa da Ishiriniya. Bai ce ya kai Alfazazi ilmin addini ba, bai kuma ce abin yabonsu ɗaya ba ne. Abin da ya yi da'awa shi ne cewa tsara magana fasaha ce guda, ko da alƙalami aka yi ta ko da ganga, ko da Larabci ko da Hausar Gobir. Jami'o'in ƙasar nan sai da suka yi shekaru suna muhawara kafin su yarda cewa waƙar baka adabi ce da za a ba da digiri a kanta. Littafin Ruth Finnegan kan adabin baka na Afirka, wanda ya taimaka wajen shawo kan masu shakka a Turai, sai a 1970 ya fito. Narambaɗa ya riga ya yanke wannan hukunci, kuma ya yanke shi a cikin waƙar da ita kanta hujja ce a kan abin da take faɗa. Fankamar da ba ta da abin nunawa abin dariya ce. Wadda aka yi ta da gwanintar da ake fankamar da ita kuwa, mai ƙi ma sai ya yi shiru har a kai gindi.

Duk da haka akwai suka, kuma bai kamata a rufe ta da tabarma ba. Ta farko ta malamai ce, kuma tsohuwa ce. A Kitabul Farƙi an lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan Hausa da masu jihadi suka yi ƙyama. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, kufanta kuwa ba shi da nisa da Isa. Bayan shekara ɗari da ɗoriya sai ga sarautar Sarkin Gobir a hannun zuriyar masu jihadin, ga kuma kotso yana tashi a ƙofar gidansu. Wanda ya ce akwai abin dubawa a nan bai yi ƙarya ba. Suka ta biyu ta 'yan siyasa ce, irin wadda aka riƙa ji tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950: waƙar fada tana shafa wa mulki mai, ba ta faɗin haraji da jangali da aikin tilas, ba ta faɗin abin da talaka ya gani a hannun dogarai. Wannan ma gaskiya ne. Wanda ya nemi kukan talakan ƙasar Isa a Bakandamiya ba zai same shi ba, kuma ɗalibin tarihi da ya ɗauki yabon makaɗi a matsayin shaida kan adalcin sarki ya yi wauta.

Sai dai sukar tana da iyaka. Yabon fada ba rahoto ba ne kan yadda sarki yake. Sau da yawa zane ne na yadda ake so ya zama. In aka ce da mutum a bainar jama'a ba ya jin maganar banza, ba ya tsoro, ba ya rowa, an ɗaure shi da igiyar da zai ji kunyar tsinkawa gobe. Wannan bai hana zalunci ba, amma ya ajiye ma'aunin da za a auna azzalumi da shi. Bayan haka, lokaci ya yi wani gwaji wanda babu mai nazarin da zai iya yin irinsa. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Ikon da waƙar ta yi wa hidima ya tafi. Sarkin da aka yi wa ita ya rasu, waɗanda aka yi wa zambo sun rasu, babu sauran mai ba da doki saboda ita. Amma direba a Maraɗi da ɗan kasuwa a zangon Kumasi, waɗanda ba su taɓa taka Isa ba, ba su daina saurarenta ba. Da a ce darajarta daga ikon Sarkin Gobir take, da ta bi shi.

Aibin da za a iya ɗora wa waƙar ta fuskar fasaha kaɗan ne, amma akwai shi. Wanda bai san mutanen da ake ambata ba, bai kuma san da wa ake gasa ba, zai iya ƙosawa a wasu wurare, ya ji kamar ana zance a kan wata rigimar gida da ba a gaya masa farkonta ba. Wannan hali ne na duk waƙar da aka yi don wata fada takamaimai, kuma yana ƙaruwa da tsawon zamani.

Nan ne maganar faifai ta shigo. Albert Lord ya nuna a littafinsa na 1960, daga binciken da shi da Milman Parry suka yi a kan mawaƙan Yugoslabiya, cewa waƙar baka ba ta da matani guda tabbatacce, kowace rerawa tana da nata kamanni. Ko makaɗan fada masu bita sukan ƙara ɗa, su rage ɗa, su sauya jeri, gwargwadon wanda ke zaune a wurin. Saboda haka abin da ake kira Bakandamiya a yau rerawa ce da na'ura ta kama, daga cikin ɗimbin waɗanda iska ta tafi da su. An kafa hukumar watsa labarai ta Nijeriya a 1951, aka sake mata tsari a 1957, gidan rediyon Jihar Arewa na Kaduna kuwa sai a 1962 ya fara aiki. In aka haɗa wannan da lokacin rasuwarsa, za a ga cewa muryar da aka gada ta dattijo ce a ƙarshen aikinsa. Narambaɗan ƙuruciya, mai waƙar noma a fadamun Tubali, babu wanda zai sake jin sa. Masu son Images and Words suna da faifan asali da sunan kowane makaɗi da ranar da aka fitar da shi. Masu son Bakandamiya suna da kwafin kwafin kwafi: daga tef zuwa kaset, daga kaset zuwa kaset a rumfar kasuwa, daga nan zuwa katin waya. Kowane kwafi yana cin wani abu. In injin ya yi sauri kaɗan, murya takan siranta ta hau sama. Ƙaramin lasifikar waya kuma ba ya iya fitar da amon ƙasa, watau daidai inda ƙasaitar kotso take. Da yawa daga cikin matasan da ke cewa sun san waƙar rabinta suka ji.

Rubutawa ma tana da nata ɓarnar, kuma wannan laifin masu ilmi ne. Narambaɗa da Hausar yamma ya yi waƙa, inda ake cewa munka da sunka da anka, ake cewa shi zo, ake cewa tahi da hwaɗi, ake cewa ɗiya a wurin 'ya'ya. Ɗalibin da aka horar da Daidaitacciyar Hausa yakan ga waɗannan kamar kurakurai, hannunsa ya gyara su ko bai yi niyya ba. A dubi kalma ɗaya kawai. Munka gaɓa biyu ce, ta farko mai nauyi, ta biyu marar nauyi. Muka ita ma gaɓa biyu ce, amma duka marasa nauyi. Karin waƙar Hausa kuwa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, kamar yadda M. K. M. Galadanci ya nuna a 1975 game da rubutacciyar waƙa, waƙar baka ma da nauyin gaɓa take zama a kan bugun ganga. Wanda ya mai da munka muka ya cire rabin taki daga saɗarar, in aka rera abin da ya rubuta ba zai hau kotso ba. Haka nan wanda ya rubuta waƙar bai nuna inda jagora ya tsaya da inda 'yan amshi suka karɓa ba, ya mai da aikin ƙungiya zancen mutum ɗaya. Littafin Aliyu Muhammad Bunza na 2009 mai suna Narambaɗa da ayyukan Gusau sun share fage mai yawa, ya kamata ɗalibi ya fara da su, amma da kunnensa a kan faifan, ba da idonsa kaɗai a kan shafi ba.

Akwai aiki iri biyu da ke jira, kuma ba ɗaya ne saurinsu ba. Na ma'aikatan gidajen rediyo da hukumomin al'adu shi ne a nemo tef mafi kusa da asali, a juya shi zuwa kwamfuta ba tare da an matse sautin ba, a rubuta duk abin da ke jikin kwalinsa, ko da rabin kwanan wata ne. Tef yana lalacewa da zafi da laima, amma a hankali. Ɗaya aikin ya fi gaggawa. Ma'anar habaici ba ta cikin tef, tana cikin kawunan mutanen da iyayensu suka tsaya a ƙofar fada ranar da aka yi shi. Waɗannan mutane suna Tubali da Badarawa da Isa da Moriki da ƙauyukan da ke bakin Bunsuru da Gagare, watau tsakiyar ƙasar da 'yan bindiga suka addaba tun shekarun 2010. A watan Satumba na 2021 har sai da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. Ƙauyuka da yawa sun watse, tsofaffinsu sun koma zaman gudun hijira a Shinkafi da Ƙaura da Gusau. Baƙon mai bincike da ya zo daga nesa da takardar tambayoyi ba zai kai gare su da sauƙi ba, in ma ya kai ba lallai su saki jiki da shi ba. Ɗalibin da ya fito daga Moriki ko Zurmi, wanda kakarsa ke cewa munka, ya fi kowa kusa da su. Tambayoyin da zai yi musu ba su da wuya: wane ne Shamakin da aka ambata, ina zuriyarsa, wane makaɗi ne ake nufi a wuri kaza, su wane ne 'yan amshin da ake jin muryoyinsu a faifan, kuma wa ya rage a gidansu da ya iya ɗaure kotso.